Ranar da Ƙanena Ya Nemi Rabon Gona

Ƙanena masanin taurari ne, kuma ba ma ga maciji da juna. Na faɗi wannan tun farko don kada wani ya ɓata bakinsa da yi mini nasiha.

Aikinsa, yadda ya sha bayyana mana, shi ne binciken ƙurar da ke yawo a tsakanin taurari. Wai ita ce ke taruwa, ta dunƙule, ta yi ta nauyi har cikinta ya kama da wuta, sai a sami sabon tauraro. An ce abin da ya gano ya sa manyan masana sun gyara lissafinsu, ɗalibai kuma na karanta shi a ƙasashen da ban san sunansu ba. Ban musa ba. Yaron yana da kai tun yana firamare a Kabo, ni nake kai shi a keke.

Da Baba ya rasu ba mu raba gonarmu ta Masanawa ba. A gidanmu ba a yin haka. Gandu ne: babba ya noma, kowa ya ci, wanda ke nesa a ajiye masa buhunsa. Ni ne babba. Duk rani sai na roƙi makiyaya su sauka da shanunsu a gefen gabas, inda ƙasar ta gaji, har ta dawo baƙa wuluk, dawa ta riƙa fin mutum tsayi. Da gefen nan nake ciyar da Inna da iyalina daga kaka zuwa kaka.

Shekarar da aka ba shi lambar yabo ya zo gida. 'Yan bokon Gwarzo suka yi masa liyafa, aka sha tafi. Washegari da hantsi ya biyo ni gona da farin takalmi, ya tsaya yana ta waige-waige.

"Yaya, ai ku kun yi arziki a nan," in ji shi. "Ba lantarki, ba fitilun titi. Irin duhun da kuke samu nemansa ake yi a duniya."

Mu da matanmu ke haihuwa da hasken tocila, mu ake yi wa barka da duhu.

Sannan ya fito da abin da ya kawo shi. Yana son ya gina ɗakin hangen taurari, ya kawo na'ura, ɗaliban yankinmu su riƙa zuwa. Don haka a fitar masa da kasonsa.

Da Inna ta ji labari, ta kira shi ɗakinta. "Ɗan nan, rabo kake nema ina raye?"

"Inna, haƙƙina ne, addini ya ba ni. Kuma don amfanin jama'a ne."

Gaskiya ya faɗa, kuma ita ce ta fi ƙona mini rai. Ba ni da bakin hanawa.

Liman da mai unguwa suka zo da igiya. Aka fitar wa Inna tumuninta, wato kashi ɗaya cikin takwas, aka auna sauran, aka jefa ƙuri'a. Gabas ta faɗa masa. Har murmushi ya yi, wai dama can ya fi tudu, ya fi dacewa. Ni aka miƙa wa gamba na dasa a kan iyaka. Kafin ruwa ya sauka tifa ta juye tsakuwa a kan ƙasar da na yi shekaru ina yi wa taki, magina suka bi da siminti, aka zagaye wurin da waya.

Ranar da zai koma ya same ni a zaure, ya miƙo mini mukulli.

"Yaya, an ce a nemi mai gadi, na ce ai ga ka kusa."

"Gadin gonar ubana?" na ce. "Ɗauke abinka ka fita, kafin in faɗi abin da Inna za ta yi kuka."

Ya ajiye a kan tabarma, na sa ƙafa na ture masa.

Bana dawar da na samu ba ta kai mu damina ba. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin an ci hatsin saye a gidanmu ba. Na naɗe buhu a hammata na tafi kasuwar Gwarzo, inda na zaci ba a san ni ba, na tsaya gaban mai awo. Ya ɗago kai ya ce, "A'a, Malam, ba kai ne yayan farfesan taurarin nan ba?"

Na ce masa ba ni ba ne, ya auna mini.