Ɗorawar da ta bushe a gonar aro

Shekarun baya, zamanin Turawa, ina sabon magidanci a wajen Likoro, wani dattijo ya ba ni aron gona. Gonar ta gaji, ban da ciyawar wuta-wuta ba abin da take haifarwa. Ya ce in kula da gambar da ke iyaka, in riƙa kai masa damin dawa bayan girbi. Ɗorawa uku da ke ciki kuwa nasa ne, ko reshe kada in taɓa.

Na roƙi wani abokina Bafulatani, rani uku shanunsa suna kwana a gonar. Taki ya kama, dawa ta fara tsayar da masu wucewa. Sai dattijon ya rasu, babban ɗansa ya gaje shi.

Ana gab da ruwan shuka ya aiko mini. Ɗorawa ɗaya ta bushe, wai ni na kashe ta da wutar sassabe, don haka in ba shi jakina diyya, in kuma fita daga gona. In aka karɓe gonar a wannan lokaci, iyalina ba su da abincin shekara.

Muka je gaban dagaci. Kwana uku ina shirya jawabi, amma da na durƙusa, ban da "ranka ya daɗe" ba abin da ya fito, shi ma sau uku na faɗe shi. Mahaifiyata, wadda ta tsufa tana yin daddawa, ta biyo ni da sandarta. Da ta ga na kasa, sai ta matso ta gaishe da dagaci.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, itacen nan bai gudu ba. A je a dube shi mana."

Aka ɗunguma zuwa gona. Inna ta buga gindin ɗorawar da sanda, ɓawo lafiya lau, ko ɗigon baƙi babu, don kowace shekara sai na share ciyawar gindin kafin in sa wuta. Sannan ta nuna sama, inda kauci ya cika rassa.

"Wuta daga ƙasa take ci," in ji ta. "Wannan daga sama ta mutu. Kauci ne ya shanye ta."

Ɗan dattijon ya yi wuf ya ce, "To, me ya hana shi sare kaucin?"

Dagaci ya juya ya dube shi. "Malam, a ƙasar nan mai aro yana hawa itacen mai gona da gatari?"

Kowa ya san ba ya hawa. Sarar kauci aikin mai itace ne. Dagaci ya ce babu diyya, kuma tunda abokina ya shaida rani uku na kwanan shanu, sai na ci takina damina biyu kafin a yi zancen fita. Ni ma ban tsira gaba ɗaya ba, don shanu sun tattake gamba a kusurwar gabas, aka ce in dasa sabuwa. Na amsa da sauri, bakina har kunne.

A hanya na fara yi wa Inna godiya. Ta ce, "Rufe mini baki, sarkin jawabi. Ana yin ruwa ka dasa gambar nan."

Har yau in na tuna sai in ji daɗi ya cika ni. Sharar gindin itacen da ba nawa ba, wadda nake yi ina gunaguni, ita ta tsaya mini ranar da harshena ya ƙi. Kwana huɗu bayan shari'ar ruwa ya sauka, na yi shuka. A shekarar rumbuna biyu suka kasa ɗaukar dawar, sai da na gina na uku.