Dabinon da Ya Kori Sadisu Daga Makka

Duk wanda ya taɓa aika kaya gida daga unguwar Kudai ta Makka a shekarun nan ya san Sadisu Kabo, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dattijon nan siriri mai furfura a gemu da ke durƙushe a ƙofar shagonmu na kargo, salatef a wuyan hannu kamar awarwaro. Ni ne direban shagon, Rabe, ni nake kwasar abin da ya ɗaure in kai Jidda ko gidan waya, don haka na san aikinsa ciki da waje. Kofunan shayi, agogon bango, turare, keken ɗinki, duk ya ɗaure, ban taɓa jin an ce wani abu ya fashe a hannunsa ba.

Aikin gini ne ya kawo shi, da bayansa ya gaza sai ya koma ɗauri. Ɗaki guda yake haya a unguwar Ka'akiyya shi da wasu mutum biyu. Ba ya shan komai sai shayi, ba ya zuwa ko'ina sai Harami. Burinsa ɗaya ne, kuma bai taɓa ɓoye shi ba: ya mutu a Makka, a sallace shi a gaban Ka'aba. Idan muna tsokanarsa cewa ya fi son kabarinsa a kan albashinsa, sai ya yi dariya ya ce ai mun faɗi gaskiya. To iƙamarsa, takardar zamansa ke nan, a wuyan shagon take. Ranar da shago ya sake shi, ranar zamansa ya ƙare.

Manajanmu Mukhtaru ne, haifaffen unguwar Rusaifa a nan Makka, mutum mai zaƙin baki da ƙamshin turare. Shi ya kawo al'adar dabino. Ya ce kaya ba sa barin Makka ba tsaraba, saboda haka kowane kwali sai an cusa masa ƙullin dabino a leda, da katin shago a jiki. Albarka yake kiran abin, mu kuwa mun san talla ce. Dabinon ma irin mai laushin nan ne da ya kusa lalacewa, wanda yake saye da araha a ƙarshen kasuwa. Amma mutane suna so. Tsofaffi a Kano da Maraɗi har waya suke yi su gode.

A bazarar 2016 wani mai suna Mahadi ya shigo. Bahaushe ne haifaffen nan, yana aiki a shagon magani, Hausarsa duk ta karye. Ya fito da wani abu daga jaka yana riƙe da shi kamar jariri. Tsohon littafin zane-zane ne na Turawa, irin wanda ake ba da labari da hotuna. Wai akwai masu duba irinsa a Amurka, su ba shi maki gwargwadon lafiyarsa, su rufe shi cikin gidan roba mai tauri da ake hango shi ta ciki. Ba a buɗewa, ba a karantawa. Makin nan da rufin nan su ne darajarsa. Wani a Turai ya saya, shi ne za a aika masa. Ni dai abin ya ba ni haushi tun daga nan, littafin da ba a karantawa, amma ba kuɗina ba ne.

"Ya ammi, billahi a hankali," in ji Mahadi. "Ko tsagewa kaɗan, halas, shi ke nan, ya mutu. Na yi masa ta'amin, inshora."

"Kwantar da hankalinka, ɗana," Sadisu ya ce.

Ya naɗe shi da soso, ya yi masa gado da kwali, ya ƙara wani a sama. Bayan Mahadi ya tafi, Sadisu ya ɗauki ƙullin dabino ya tsaya yana juya shi. Ina zaune a kan buhu, da kunnena na ji ya tambayi manaja.

"Mudir, wannan fa takarda ce, kuma ga zafi. A sa masa?"

Mukhtaru ko ɗagowa daga wayarsa bai yi ba. "Sa mana, Baba Sadisu. Bature ma ya ci albarka. Yalla, yi sauri."

Ya sa, ya rufe, na kai gidan waya.

Bayan wasu makonni kwalin ya dawo, mai sayen ya ƙi karɓa. A gabanmu Mahadi ya yanka salatef ɗin. Warin ne ya fara fitowa, tsami-tsami kamar kunun da ya kwana uku. An danne kwalin da wani abu mai nauyi a hanya, gefe guda ya lotse, kusurwar gidan robar ta tsage. Dabinon ya narke, ledar ta fashe, ruwansa ya bi tsagar ya shiga. Fuskar littafin ta koma ruwan ƙasa, shafukan sun manne, ga ƙananan tsutsotsi suna motsi a cikin soson. Sai da na fita waje na tofar da yawu. Mahadi bai yi ihu ba, zama ya yi a ƙasa ya dafe kai.

Ya nemi diyya wurin masu inshora. Kowa mai ido ya ga cewa danna kwalin aka yi, ba dabino ne ya fasa roba ba. Amma mutanen nan sun samu abin da suke nema. Suka ce an sa abinci a cikin kaya ba a faɗa ba, don haka ba su da alhakin komai. Maganar lotsewar kwali ko tada ta ba su yi ba. Ya yi ta zarya, yau a ce ya turo hoto, gobe a ce mai sa hannu ba ya nan, har suka rufe maganar.

Sai ya dawo kan shago, ya ce zai kai ƙara. Ranar kafili da kansa ya zo, mai shagon, wanda iƙamarmu ke hannunsa. A nan na ga abin da har yau ban manta da shi ba. Mukhtaru ya dafa ƙirji ya ce shi bai taɓa cewa a sa dabino a kayan Turai ba.

"Tsufa ne, ya shaihu. Na sha gaya masa. Shi ya sa da kansa."

Na miƙe na ce ƙarya ne, ina wurin. Mukhtaru ya juyo ya ce, "Kai sawwaƙ ne, aikinka mota. Uskut, rufe mana baki." Kafilin ko kallona bai yi ba. Shi so yake a samu wanda za a nuna wa Mahadi an hukunta, kuma korar tsoho mai ɗauri ta fi sauƙi a kan korar manaja. Sadisu ya buɗe baki sau ɗaya, ya ce, "Mudir, ka ji tsoron Allah." Aka lallashi Mahadi da wani abu, aka buga wa Sadisu huruj, fita ba dawowa.

Ran tafiyarsa ya zo shago ya ɗaure akwatinsa da kansa, tsaf kamar kullum. Ya riga ya je ya yi ɗawafin bankwana, idanunsa sun yi ja. Mukhtaru ya fito da murmushinsa, ya rungume shi, ya miƙa masa ƙullin dabino da katin shago a jiki.

"Tsaraba, Baba. Ka yafe mu."

Sadisu ya karɓa, ya dube shi, ya ajiye a kan kanta. Ya ce mini, "Malam Rabe, mu tafi." Har muka isa Jidda fuskarsa na jikin taga.

Da na dawo na tarar an riga an kawo sabon mai ɗauri, yana haɗa kayan wata hajiya zuwa Zinder. Ƙullin yana nan a kan kanta inda Sadisu ya bar shi. Mukhtaru ya tura shi da ɗan yatsa zuwa gaban sabon, ya ce, "Sa wannan, kada ya lalace."