Awarwaron da Bai Gama Ba

Maigidana, Allah Ya jiƙansa, yana sassaƙa kayan ado a kwamfuta. Akwai manhajar da ke ba shi curin laka a kan allo, ya yi ta murza shi da linzamin kwamfuta har ya zama zobe ko 'yan kunne, sannan ya aika wa maƙeran azurfa na Konni su zuba. Bahago ne, don haka ya mayar da duk maɓallan manhajar hagu, a tsarin da shi kaɗai ya sani.

Bayan na fita takaba na kunna kwamfutar. Abu ɗaya nake nema, awarwaron da ya fara yi wa ɗiyarmu. Na buɗe fayil ɗin, allo ya fito toka-toka, babu komai. Na danna nan, na danna can, sai maɓallan ma suka fara ɓacewa. Na rufe na zauna. A raina, na goge shi da hannuna.

Kwana uku ban faɗa wa kowa ba. Ran na huɗu da hantsi na kira abokin aikinsa na Konni a waya.

"Madam, mi ya faru?"

Na gaya masa.

"Ba ki goge komi ba," in ji shi. "Saiti ne ya rikice. Akwai inda za ki danna, manhaja ta koma yadda ta fito sabuwa."

"To aikinsa fa?"

"Aiki daban, saiti daban. In kin sake shimfiɗar ɗaki, kayan cikin akwati tafiya suke?"

"Amma tsarinsa na hagu zai tafi."

"Wannan kam zai tafi. Ni dama ban taɓa iya aiki da injin nan nashi ba, komi a baibai. Na sha ce mishi mugunta ce." Ya fara dariya, bai ƙarasa ba.

Shi ya nuna mini inda saitin yake ajiye, ya ce in kwafe shi a filashi kafin in taɓa komai. Na kwafa sau biyu. Sannan na yi bismillah na danna.

Manhajar ta rufe, ta sake buɗewa. Maɓallai duk sun koma dama, kamar na shiga ɗakin baƙo. Na buɗe fayil ɗin.

Ga shi nan a tsakiyar allo. Rabinsa ya sha zane, ƙananan ƙulli suna bin juna, ɗaya rabin kuma sumul, bai kai gare shi ba. Na daɗe ina juya shi da linzami.

"Madam, kina ji na?"

"Yana nan," na ce.

"Alhamdu lillahi. Ki turo min in ƙarasa shi."

Na ce a'a, a zuba shi yadda yake.

"To," in ji shi. "Amma ki auna hannunta da zare tukun. Yarinyar ta girma."