Matar da Ta Riƙe Ƙafar Babana

Ƙarfe bakwai ba ta taɓa yi mata a hanya ba. Tana shiga sashen ɗaukar hoto na asibiti za ta cire 'yan kunne da agogo ta zuba a kofin roba, don injin da take aiki da shi ƙaton maganaɗisu ne, ko allura ba ya ƙyalewa. Sannan ta bi layi tana caje mutane kamar 'yar sanda: "Baba, makullan nan fa? Ko injin za ka bar wa gidan?"

Anti Numfasa ake ce mata, don kalmar ba ta barin bakinta. Aikinta ɗaukar hoton zuciya tana cikin bugawa, a ga inda tsoka ke motsi da inda ta tsaya. Hoton ba ya fita sai mutum ya riƙe numfashi, ya saki, ya sake riƙewa. Abokan aikinta sun ce shekara ashirin da uku, tare take riƙewa da kowane mara lafiya.

Ni ta dalilin babana na san ta. Bayan ciwon zuciya ya kayar da shi, likita bai ɓoye mana ba: in tsokar na da sauran rai, za a yi masa aiki, in ta mutu, sai magani da haƙuri. To, injin niƙa ya riga ya cinye kunnen Baba, umarnin da ake ba shi ta lasifika ba ya ji. Sau biyu hoto na fitowa dishi-dishi. Likita ya fara tattara takardu.

"Likita, a ba ni minti goma," in ji Anti.

Ta fito da Baba ta zaunar, ta kama idon sawunsa. Ta matsa ƙafar ta cika kumatu: riƙe. Ta saki: numfasa. Baba ya kwashe da dariya. "'Yata, tausa ma kuke yi a nan?" Da aka mayar da shi cikin injin, ta bar wa abokin aikinta kujerarta, ta shiga ɗakin injin, ta tsaya a ƙafafun Baba cikin ƙararsa kusan awa guda.

Hoto ya fito tas. Tsokar na da rai, aka yi aikin.

Anti, ke ce sunanki bai hau takardar sallama ba, ba ki kuma damu ba. Ƙarshen watan nan za ki yi ritaya. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Ku da za ku gaje ta, in mara lafiya bai ji ku ba, ku tashi ku je inda yake.

Baba ya ce a gaishe ki. Jiya ya hau bene da jikarsa a kafaɗa, bai tsaya hutawa ba.