Sabis a Turken Akuya

Ranar mu biyar ne: ni, da babban ɗana mai aiki a ƙaramar hukumar Katagum, da 'yarsa, da maƙwabcinmu malamin sakandare, sai wani da aka ɗauko daga bakin kasuwa wai shi injiniya. Jikar tawa ce za a cika wa takardar jarrabawar shiga jami'a ta kwamfuta, kuma washegari da azahar za a rufe. In ta wuce, sai baɗi.

A shekarun nan aka fara kawo modem Azare, wani ɗan abu kamar yatsa da ake soka wa kwamfuta ta kama sabis. Suka baje a zaure tun hantsi, abu ya ƙi. Ni ina bakin ƙofa a kan kujerata, yarinyar tana bayana.

Injiniya ya ce saiti ne. Ya goge abin da ya tarar, ya rubuta nasa. Malam ya ce a'a, maganin cutar kwamfutar ne ya tsufa, sai an sabunta shi. Aka danna, maganin ma ya ce sai da sabis. Su uku, kowa da biro a aljihu, sun zuba wa allo ido suna gyaɗa kai.

Na ce wa ɗana, "Alhaji, zauren nan ba ya kama waya. Duk matan gidan nan a turken akuya, can cikin gida, muke tsayawa in za mu kira Misau."

Ya ce, "Hajiya, wannan ba irin wayarku ba ce."

"Ba layi ne a cikinsa ba?"

Injiniya ya yi dariya. "Inna, wannan harkar ilimi ce."

"To, ilimi ya ci tuwon rana, ga la'asar ta yi. Me ya kama?"

Gaskiyar maganar, ɗana ya gwammace a wuni a nan da a ce baƙon namiji ya taka cikin gidansa. Da suka watse, na sa yarinyar ta kai kwamfutar turke. Sabis ya cika taf, amma ta ce ba ya shiga, mutumin ya goge saitin da abin ya zo da shi. Ta zauna tana share hawaye da mayafi.

Washegari da sassafe na yafa gyale, na je na tsaya ƙofar shagon injiniya har ya zo buɗewa. Na taso shi a gaba. Na ce matan gida kowa ta shiga ɗaki, na ratsa da shi ta gaban ɗana, na kife masa turmi kusa da akuya.

Na ce, "Zauna, mai ilimi. Mayar da abin da ka goge. Ba ka tashi sai takardar yarinyar nan ta tafi."