Ɗinkin da Babu Ƙulli

Ni ba tela ba ne. Manomi ne ni, gero da damina, albasa da rani a fadamar Tama, karatuna na boko kuma bai wuce aji uku na lakwal ba. Amma a garinmu in an yi rasuwar namiji ko ta yaro, ni ake kira in ɗinka likkafani. Kawuna ya koya mani tun ina saurayi, da ya rasu ni na ɗinka nashi, daga nan aikin ya zauna hannuna. Aiki ne mai bin mutum. In na ratsa unguwa da hantsi, mata kan leƙo ta kan darni su ga gidan da zan shiga. Yara ba su cika zuwa kusa da ni ba, ni ma ban taɓa neman su ba.

Jika guda ke gidana, ɗiyar ɗana na fari. Ubanta na Abija wajen bidar kuɗi, uwarta ta rasu tun tana goye, ni da matata munka rene ta. A shekarar da nake magana tana da shekara bakwai, an sa ta lakwal. Jakar leda da take zuba allo da alli ta yage, sai na yanke ƙafar wani tsohon wandona na ɗinka mata wata.

Wannan jaka ce madam, malamar ajinsu, ta gani ta aiko kirana. Baƙuwa ce, daga can gabas anka turo ta. Na tafi ina tunanin ko yarinyar ta yi ɓarna. Sai ta ce so take in riƙa zuwa kowace Laraba da marece, tunda babu karatu, in koya wa ƴan ajinta ɗinkin hannu, ƴan jakunkuna na alli da tsumman goge allo.

Ban amsa ba sai da na yi mata tambayoyi. Na ce wa ya aiko ta. Na ce ko wani foroje ne, irin masu zuwa da farar mota su ɗauki hoton mutane su wuce. Ta yi dariya ta ce babu kowa, ita dai ta gaji da ganin alli na zubewa daga aljihun yara. Na ce ga tela can bakin kasuwa da kekensa. Ta ce ta je, ya ce ba shi da lokaci, amma zai ba ta ƙyallaye.

Na ce, “Madam, kin san abin da nake ɗinkawa?”

“An gaya mani, baba. Ni ɗinkin na gani, ya yi kyau.”

Na ce zan yi shawara, niyyata kuwa in ƙi. Da na koma gida na tarar jikata ta riga ta bi ƙawayenta ɗaya bayan ɗaya tana cewa kakanta ne zai koya masu. Ban taɓa jin ta yi alfahari da ni ba sai ranar. Shi ya sa na je.

Na san mutanen garinmu, don haka na gindaya sharuɗɗa. Babu farin ƙyalle, ko farin zare ban yarda ba. Allurai madam za ta sayo sababbi daga Madawa, tawa ba za ta fita daga gida ba. Za mu zauna ƙarƙashin iccen dogon yaro na lakwal inda duk mai wucewa zai gan mu. Ina ƙirga allurai kafin a fara da bayan an gama, don allura guda in ta ɓace a hannuna, Allah kaɗai ya san abin da za a ce na yi da ita. Makon da anka yi rasuwa ba ni zuwa. Ko kan yaro ban taɓa shafawa ba. Matata ta ce ko likita bai kai ni tsari ba.

Munka fara da kwali. Na huda shi da ƙusa, na ba su basilla da zare mai kauri, na ce su yi kamar shuka, taku guda rami guda, kada a tsallake. Daga nan munka koma ƙyalle. Sun sha tsotsar yatsa. Wani yaro ya ɗinke jakarsa da wandonsa, da ya miƙe ta bi shi, sai da madam ta riƙe ciki. Wadda ta fi kowa hannu ɗiyar maƙwabcina ce, aminiyar jikata, bahaguwa, ɗinkinta kamar da keke. Na nuna masu yadda ake farawa, a bar ƴar wutsiyar zare a danne da babban yatsa. Na nuna masu yadda ake gamawa, a maida allura baya sau biyu a yanke. Laraba huɗu kowa ya tafi gida da jakarsa rataye a wuya. Ba zan ɓoye ba, na fara jin daɗin Laraba.

Ana cikin yankan gero ɗiyar maƙwabcin nan ta kwanta. Zazzaɓi ya yi mata zafi har ta shiɗe, anka ɗora ta a kan moto, wato babur, zuwa likita a Tama. Laraba ta zo, yaran da sunka zo ba su cika tabarma guda ba, kuma babu mai jaka a wuya sai jikata. Madam ta ce aikin gona ne ya riƙe su. Na ce mata ɗan shekara bakwai ba ya yankan gero.

Kashegari jikata ta dawo daga rijiya da tulu rabi. Ta ce da ta isa mata sunka janye ɗiyansu, wata yarinya kuma ta ce mata an ce a gidanmu ana cin kurwa. Ta tambaye ni mi ake nufi. Na ce ta je ta ci tuwo.

Ni dai na saba da a kauce mani, ba sabon abu ba ne. Amma maita a wajenmu ba ta tsayawa kan tsoho. Cewa ake yi gado ce. In sunan ya zauna wa gida, yarinyar nan za ta girma babu mai cin abinci daga hannunta, babu mai barin ɗansa kusa da ita, ko wane gari ta je labarin zai riga ta isa. Abin da ya hana ni sukuni ke nan.

Kwana uku ina lissafin mutane a kaina. Na zargi madam, na ce ƙila da gangan ta jawo ni. Na zargi direkten lakwal, tunda shi ya gaya mata sana'ata. Na zargi wani da munka taɓa yin rikicin iyakar gona. Amma zuciyata ta fi tsayawa kan tela. Taubashina ne, ɗan gwaggona, tun muna yara yake mani ba'a da aikin nan, na kuma ce ya ga yara sun taru gare ni ne ya ji haushi.

Ranar kasuwa na tsaya bakin rumfarsa. Bai ɗaga kai daga keke ba ya ce, “A'a, mai ɗinkin da ba a maidowa gyara. Awo ka zo yi mani? Da saura, ban shirya ba.”

Na ce ba wasa ya kawo ni ba, kuma in bakinsa ne ya ja wa jikata wannan suna, to zumuncinmu ya ƙare yau. Ya tsai da keke. Ya rantse bai ce komi ba, shi ma a nan rumfa ya ji mata na yi. Ya ce in ina son gindin maganar in je wurin tsohuwa, kakar yarinyar da ke kwance, don jakar na hannunta. Ban yarda da rantsuwarsa ba, amma na tafi.

Tsohuwar nan ƙawar mahaifiyata ce, Inna nake ce mata. Ita ce ungozomar unguwa, ita ke kuma wankan gawar mata, ke nan mun sha haɗuwa a gidajen rasuwa, ita ciki ni zaure. Na yi sallama da hantsi. Ta bar ni zaune har na gaji, sannan ta fito da ƴar jakar atamfa ta jikarta. Ba ta amsa gaisuwata da kyau ba. Ta juya jakar ciki waje ta miƙo mani.

“Nuna mani ƙulli,” in ji ta.

Na duba farkon ɗinkin, na duba ƙarshensa. Babu. Ta kama wutsiyar zaren ta ja a hankali, ya biyo hannunta har jakar ta buɗe.

A garinmu abu guda ne ake ɗinkawa ba a ƙulla zare, shi ne likkafani. Kowane babba ya san haka. Ni na fi kowa sani, don kawuna da bayan almakashi yake bugun yatsana in na ƙulla, har hannuna ya manta da ƙulli ɗungum. Na hana farin ƙyalle, na hana farin zare, na ƙirga allurai, amma ban taɓa duba hannuna ba.

“Ka tara ɗiyan mutane ka koya masu ɗinkin likkafani,” ta ce, “sunka rataya a wuya sunka shigo da shi ɗaka. Mi kake so a ce?”

Ta ce ita ba ta kira ni maye ba. Ranar da yarinyar ta shiɗe ne ta ga jakar, ta ce wa surukarta a cire mata wannan abu. Surukar ta faɗa a rijiya, kowace mace ta koma gida ta juya jakar ɗanta, kowacce ta tarar babu ƙulli. Daga nan magana ta fi ƙarfin mai ita.

Ban iya dogon bayani ba. Na juya bakin rigar da ke jikina na nuna mata facin da na yi da kaina. Na ce ta aika a ɗauko jakar jikata ta wando, da zanen matata da na taɓa gyarawa. Anka kawo. Ta bi su ɗaya ɗaya da yatsa, babu ƙulli ko guda. Ta ɗago ta dube ni ta ce:

“Ashe kai ka daɗe cikin likkafani kana yawo, ba ka sani ba.”

Na ce ko in je masallaci in dafa Alƙur'ani a gaban jama'a. Ta ce wanda bai ji maganar ba ma ranar zai ji. Na roƙe ta ta zo lakwal ranar Laraba. Ta ce ba ta zuwa ko'ina sai jikarta ta dawo gida da ƙafarta. Na so in ce jan rai take yi, amma ko ni ne haka zan ce.

Kwanakin nan ban so tuna su. Duk moton da ya shigo gari sai na miƙe. Na san in yarinyar ta rasu ba ni za a kira ɗinki ba, kuma daga ranar da anka kira wani, an gama da gidana. Jikata na zaune tsakar gida tana ɗinka wa ƴar tsanarta ta kara riga, babu mai zuwa kiranta wasa.

Kwana shida bayan nan anka dawo da yarinyar, ta rame amma tana tafiya. Likita ya ce zazzaɓin sauro ne. Wannan bai wanke ni ba, don akwai masu cewa tsoro na ji na saki kurwar.

Tsohuwa ta cika alkawari. Ta aika gida gida a kawo jakunkuna. Ranar Laraba yara sunka zo, iyayensu mata sunka biyo su sunka tsaya nesa bakin darnin lakwal. Ta ce in sauka daga benci in zauna tabarma cikin yara. Ta ba ni allura da zare, ta ɗaga murya yadda na bakin darni za su ji, ta ce yau za ta koya wa wannan ƙaton abin da uwarsa ta mutu ba ta koya mashi ba. A naɗa zare a yatsa, a murza da babban yatsa, a ja. Na naɗa, na murza, ya warware. Na sake, ya warware. A na uku zaren ya ɗaure mani yatsa. Yara sunka fashe da dariya, bahaguwar nan da ta tashi daga ciwo ta kama hannuna tana gyara mani. Na ji dariya daga bakin darni, ban waiwaya ba.

Daga nan tsohuwa ta zare zaren kowace jaka, kowane yaro ya sake ɗinka tashi da ƙulli a farko da ƙulli a ƙarshe, tana dubawa. Da anka kusa gamawa ta kira jikata ta ce ta ɗebo mata ruwa. Ta karɓa daga hannunta ta sha, ta miƙa wa jikarta sauran ta shanye, a gaban kowa.

Ban koma koyarwa ba. Madam ta roƙe ni, na ce tsohuwa ta fi ni, su biyu sunka ci gaba. Tela kuwa har yau ban gama wanke shi ba, don ban ga yadda magana za ta kwana uku a rumfarsa bai ƙara mata komi ba. Rasuwar da anka yi bayan nan ni anka kira. Ina kai ƙarshen layi na tarar yatsana ya naɗe zare zai ƙulla, na yi sauri na warware kafin na kusa da ni ya gani. Tun ranar, kowane ɗinki zan yi sai na tsaya na tuna na wa ne.

Gida biyu har yanzu ba su barin ɗiyansu su shigo gidana, na kuma san su. Sauran sun dawo. Da safe bahaguwar kan tsaya ƙofar gida ta kira jikata su tafi lakwal, wani lokaci ta shigo su ci ɗumame kwano guda. Jakar wandon nan ma jikata ta zare ta ta sake ɗinkawa da kanta, ta yi mata ƙulli uku manya ta waje, inda duk mai son dubawa zai gani ba sai ya juya ba.