Kujerar da ta sha taki

Kujerar mai zaman mutum uku ce, ruwan ƙasa, da zanen ganye a jikin yadinta. Malam, maigidana, ya sayo mini ita da ƙanananta biyu a Funtua, wata shekara da masara ta yi albarka. Shekara takwas ina tattalinta. Yara ba sa hawa, baƙo ma sai na ga ƙafarsa ba laka. Mata suna yi mini tsiya wai na fi son kujera da miji, ni kuwa ban taɓa musawa ba.

Gonarmu tana can wajen Mahuta, mu kuma muna zaune a cikin gari. Shekarar da nake ba da labari, Malam ya sayi takin zamani buhu huɗu tun ruwan farko, farin nan mai kama da gishiri. Ya ce ba zai aje a zaure ba saboda ɓarayi, ba zai aje a ƙasa ba saboda siminti yana tsatsafo da damina. Na dawo daga gidan suna na tarar ya shimfiɗa tsohon zane a kan babbar kujerata, ya jera buhunan a kai kamar baƙin da suka zo gaisuwa.

Na ce, “Haba Malam! Duk faɗin gidan nan ka rasa wurin aje taki sai bisa kujerata?”

Ya ce, “Kwana uku ne, ranar Asabar za a kai gona.”

Kafin Asabar ɓarayin daji suka ɗauke mutum biyu a gonar da ke maƙwabtaka da tamu. Aka ce a dakata. Sati ya wuce, wata ya wuce, masarar da aka shuka ta tsaya cikin ciyawa ba mai zuwa duba ta. Kullum Malam sai ya shigo falo ya dafa buhunan ya ce gobe ko jibi hanya za ta yi kyau. Na daina yi masa maganar kujera, don in na dubi fuskarsa sai tausayinsa ya kama ni. Wata biyu da rabi takin yana nan, ruwa yana sauka dare da rana.

Da ya haƙura ya kira masu saye suka ɗauke buhunan, sai na ga abin da ya faru. Takin ya ja danshi ya narke ta ƙasa, ya ratsa zanen, ya sauka cikin soson kujerar. Gefen dama ya fi shan wuya. Wani farin tabo ya zagaye wurin, tsakiyarsa jiƙe sharkaf, ga wani wari mai hawa kai kamar na makewayi. Na tsaya ina kallo, raina ya ɓaci, amma wa zan yi wa faɗa? Mutumin da ya rasa gonarsa?

Abin da ya sa hankalina ya tashi, an riga an sa ranar auren babbar ’yata bayan kaka. Ita ta kawo wanda take so, malamin makaranta ne a Malumfashi, gidansu gidan rufin asiri. A wajenmu kuwa iyayen amarya ke cika ɗaki, kuma ranar jere dangin miji sai sun shigo sun duba komai, har bayan gado suke leƙawa. Da kuɗin masara za a yi mata sababbin kujeru, ga shi ba masara. Ba ni da abin da zan sa mata a falo sai waɗannan nawa. In ta tafi ba kujera, ko ta tafi da mai wari, maganar za ta bi ta har ta tsufa a gidan.

Na fara yadda na saba wanke tabarma. Na fitar da kujerar tsakar gida, na kaɗa garin sabulu a roba, na sa buroshi na dirje, na yi ta kwara ruwa bokiti bayan bokiti. Ban san cewa ruwan nan tura takin yake can cikin soso ba. Da yamma hadari ya haɗo, muka ja ta rumfa da ƙyar, ta yi nauyi kamar an cika ta da yashi. Kwana biyar ba ta bushe ba, har funfuna ta fara fitowa a bayanta.

Maƙwabciyata, wata dattijuwa da ta yi shekaru tana shara da goge-goge a asibitin mishan, ta leƙo ta katanga ta ga aikin da na yi. Ta kama baki.

Ta ce, “Ke ’yar nan, wa ya ce miki ana yi wa kushin wanka? Kumfa kaɗai ake ɗiba a tsumma, a dangwala, a danne da busasshen tawul. Ba a dirza, ba a kwarawa.”

Na ce, “Mama, ai da kin leƙo tun ranar da na fara.”

Ta zagayo ta nuna mini. A matse lemun tsami cikin ruwan ɗumi a goge funfunar. A barbaɗa hodar da ake sa wa cincin ya tashi, a bar ta ta wuni ta tsotse wari, sannan a kakkaɓe. Na bi duk abin da ta ce. Na ƙara da nawa, na shimfiɗa tawul a kan wurin ina bi da dutsen guga na gawayi, tururi yana tashi yana shiga idona. Tawul ya jiƙe in matse in sake. Sati uku ina wannan, ’yata tana kama mini, ba ta taɓa cewa komai ba. Da ta yi ƙorafi ma da ya fi mini sauƙi.

Funfuna ta tafi, warin ya ragu, tabon ya dushe har sai ka ƙura ido za ka gan shi. Amma na lura da wani abu. Ranar da aka yi rana mai zafi, kujerar takan bushe ƙayau. Ranar da hadari ya taso kuwa, ko ɗigo bai taɓa ta ba, sai gefen daman nan ya yi gumi. In ka zauna minti goma, ka tashi da lema a zane. Na gaya wa Malam. Ya ce halin takin ke nan, duk inda ya shiga sai ya riƙa jawo ruwa daga iska, kuma ba sabulun da zai fitar da shi daga cikin soso. Sai dai a canza soson gaba ɗaya. Na tambayi mai gyaran kujeru a bakin kasuwa, kuɗin da ya faɗa ya sa na juyo ban ko yi masa sallama ba.

Damina ta ɗauke, iska ta bushe, kujerar ta daina gumi. Na turara ta da turaren wuta kwana uku, na ɗinka mata ƙananan matasai. Aka kai ta Malumfashi, aka yi jere, dangin miji suka zauna a kai suka sa albarka. Ina jin ana yabon kayan ina murmushi, alhali kuwa na san abin da na aika gidan mutane. Na yi wa kaina alkawari, in an yi noma baɗi zan canza mata. Baɗin ta zo, ko shuka ba a yi ba.

A tsakiyar wannan daminar na je duba ta. Ranar gari ya yi lumshi tun safe. Na tarar da uwar mijinta da wasu mata biyu sun zo wuni. ’Yata tana zaune a gefen dama na babbar kujerar, ta manne da hannun kujera. Ko da na shigo, daga zaune ta gaishe ni. Abinci ma ƙanwar mijinta ta sa ta kawo. Na ji haushi, na ce a raina yarinyar nan aure ya sa ta raina mutane. Da baƙin suka tashi tafiya, ta ce su yi haƙuri ƙafarta ta yi tsami, ba ta raka su ko bakin ƙofa ba. Na ga uwar mijin ta taɓe baki.

Suna fita na juyo zan wanke ta tas. Sai ta miƙe. Bayan zanenta ya jiƙe tun daga ƙugu har cinya, ya manne a jikinta.

Na ce, “Tun yaushe?”

Ta ce, “Tun ruwan farko, Umma. In na ji sallama sai in riga su zama. Ba wanda ya sani, har shi ma.”

Ta shiga ɗaki ta canza zane, ta fito ta tambaye ni ko Baba yana samun barci yanzu.